Jirgin da Na Ce Ba Shi da Lafiya

Ranar Litinin ce, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, a tsakiyar bazara. Mu uku ne a ɗakin labarai na gidan rediyon da nake aiki a Sakkwato: ni, da editanmu, da wata abokiyar aikina da ke haɗa labaran wasanni. Fanka na juyawa, amma iska mai zafi take kaɗowa. Edita ya miƙo mini takarda guda ya ce in fassara, za ta shiga labaran sha biyu, kuma ni zan karanta.

Sanarwa ce daga hukumar gwamnati da ke kula da jiragen sama na fasinja. Ta ce wani jami'inta ya duba jirgin da ya sauka a filin Sakkwato daga Abuja da safiyar ranar, ya hana shi komawa, kuma ba zai sake ɗaukar kowa ba sai an gyara abin da aka gani an sake dubawa. Dalilin kuwa an dunƙule shi cikin wata doguwar kalma ta Turanci da ban taɓa cin karo da ita a bakin aiki ba. Na san inda ta dosa: jirgi ya kasance cikin yanayin da doka ta yarda ya tashi. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan faɗe ta cikin numfashi ɗaya.

Haka aka horar da mu. Mai sauraro ba shi da damar komawa baya ya sake karanta jimla. Yana tuƙa keke a Mabera ne, ko tana tankaɗe a tsakar gida, abin da kunne ya kama a karon farko shi ke nan. Na rubuta "inganci", na soke, don inganci na atamfa ne da takin zamani. Na rubuta "nagarta", na ji kamar halin wani dattijo nake yabo. Agogon bango ya nuna saura kwata. Sai na tuna yadda makanikai ke maganar lafiyar mota, na rubuta: "Hukuma ta hana jirgin tashi saboda ba shi da cikakkiyar lafiya."

Edita ya leƙa ya ce, "Ya yi. Wannan ko kakata ta gane."

Na shiga na karanta, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ban manta ba cewa mahaifina yana da tikitin wannan jirgin na ranar Laraba, don ni na yanka mana, ni da shi. Abin da na manta shi ne yana kwance a gida a Runjin Sambo, rediyo na kusa da kunnensa tun safe, tunda likita ya hana shi fita kasuwa.

Baba ya shekara arba'in yana sayar da gero da dawa da shinkafa. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, da na dama yake komai. Mako guda kafin wannan Litinin ya fara ganin kamar ana jawo baƙin labule daga gefen idon. Likitan da ya duba shi ya ce tantanin da ke can bayan idon ne ya fara ɗagowa, kuma ƙwararren da ke irin wannan aikin ba ya gari. Ya haɗa mu da wani asibiti a Abuja, aka ba mu ranar Alhamis da safe. Ya ce duk kwanan da aka ƙara labulen zai ƙara rufowa, idan ya kai tsakiya da wuya a dawo da ganin. Ya kuma hana doguwar tafiya a mota saboda jijjiga. Ko da bai hana ba, kowa ya san halin da hanyar ke ciki. Baba bai taɓa hawa jirgin sama ba, kuma sai da muka kwana biyu muna lallashi kafin ya yarda.

Bayan la'asar na je gidan. Na same shi kishingiɗe a kan tabarma a inuwar ɗaki, ya rufe fuska da rawani, Inna na gefe tana tsince shinkafa. Ni ce 'yar fari, don haka ba ya kiran sunana.

"Mai labarai, kin taho?" in ji shi. "Na ji ki. Murya tar, babu gargada."

Na gode masa.

"Tau, ku maida masu takardarsu. Ba ni hawa."

Na ce, "Baba, me ya faru?"

"Ke kic ce jirgin bai da lahiya. Ba ga maƙwabta nij ji ba, ga bakinki nij ji."

"Ai shi ya sa aka tsayar da shi. Gyarawa za a yi."

"In anka gyara, mi za ku ce? Ya samu sauƙi?"

Inna ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ke ƙyale shi, tsoro na. Mutumin da ko tsani bai hawa."

"Tsoro na, ban musa ba," in ji Baba. "Amma tsoro mai dalili."

Inna ta dube ni ta ce, "Gyara zama, za a shiga gulbi."

Na san labarin, amma ban taɓa jin sa da wannan kunnen ba. Baba a wani ƙauye na bakin gulbin Rima ya tashi, kuma a jirgin ruwa suke ƙetarawa da kaya ranar kasuwa.

"Kullum in mun taho bakin ruwa," in ji shi, "sai babana shi ce ma mai jirgi, jirgi lahiya? Shi ce lahiya lau. Ga tsumma ya cusa ga huji, ga ƙwarya shina kwashe ruwa, amma lahiya lau. Ran da ta ɓaci, shinkaharmu ta tahi ƙasan gulbi, mu munka hito da iyo. Kwana biyu ya liƙe abinai, anka tambaye shi, yac ce lahiya lau. Kuma ba ƙarya yay yi ba. Gaisuwa ta. Wa ka amsa gaisuwa da babu lahiya?"

Na tambaye shi ya idon.

"Da sauƙi."

"Da sauƙi," Inna ta maimaita. "Da sahe ya miƙa hannu ga buta, ya damƙo iska."

Baba ya yaye rawanin daga fuskarsa ya juyo inda muryata take. "Tau kin gani. Ni da nika gani da rabin ido ina ce maki da sauƙi. Ina ga mai jirgi, da ka son mutane su cika mai kujeru? Can bisa kuma babu iyo."

A kan keke, hanyar komawa Mabera, na juya maganar ta kowane gefe ban sami inda ya kuskure ba. Kalmar da na zaɓa ita ce kalmar da muke faɗa ba tare da mun duba komai ba. Mai jinya na numfashi da ƙyar, a ce da sauƙi. Na ɗauki aikin hukuma na sa shi cikin gaisuwa, kuma Baba ya san nauyin gaisuwa daidai. Saura kwana biyu. Na ƙudurta cewa tunda da bakina na ɓata, da bakina zan gyara, amma sai na fara sanin abin da kalmar nan ke nufi a wurin masu ita.

Ranar Talata da sassafe na roƙi edita ya bar ni in je filin jirgi. Na isa ƙarfe tara. Ta tagar zauren fasinja ana hango jirgin a tsaye shi kaɗai, an toshe bakin injinansa da jajayen murafai. Na je teburin kamfanin na tambayi wani saurayi mai ɗaure da laktaya ko jirgin gobe yana nan.

Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, jirgi lafiya lau. Ɗan abu ne kaɗan. Gobe in Allah ya yarda."

Na tsaya ina kallonsa. Da Baba na wurin da ya ce mini, kin ji ko?

Na tambayi inda zan ga jami'in da ya tsayar da jirgin. Aka ce yana ciki, ba a shiga. Na ce zan jira. Na zauna a kan benci kusa da ƙofar da ma'aikata ke fita zuwa masallaci, tun tara da rabi har aka kira azahar. Wani mai shara ne ya nuna mini shi da haɓa: mutum ne mai kimanin shekara hamsin, siriri, da riga mai ƙyalli a kan kaftani, da ƙaramar tocila a aljihun gaba. Na bari ya idar da salla, na tare shi na nuna katin aikina.

"Ba a ba ni izinin magana da 'yan jarida ba," in ji shi. Daga jin harshensa Bakano ne. "Akwai mai magana da yawunmu, zan ba ki lambar ofis."

Na kashe rikoda a gabansa na jefa ta cikin jaka. Na ce, "To ba 'yar jarida ba ce. 'Yar wani tsoho ce da ya ƙi hawa jirgin nan gobe, kuma idan bai hau ba zai iya makancewa."

Ya dube ni, ya dubi agogonsa, ya ce in faɗi. Na ba shi labarin a taƙaice, har da jimlar da na karanta.

"Au, ke ce?" in ji shi. "Tun jiya direbobin tasi ke tambayata ko zazzaɓi jirgin yake."

Muka koma inuwar wata darbejiya, ya ce abin da zai gaya mini duk fasinjan da ya tambaya zai gaya masa. Shi ba ma'aikacin kamfanin ba ne. Jirgi ya tafi a cike ko ya kwana a ƙasa, babu abin da ya shafi albashinsa. Aikinsa ya zo ba tare da sanarwa ba, ya duba takardu, ya zagaya jirgi. Kowane jirgi yana da littafin da ke yawo da shi. Duk abin da matuƙi ya lura da shi sai ya rubuta, duk abin da injiniya ya taɓa sai ya rubuta ya sa hannu da lambar lasisinsa. Idan ya sa hannu a kan abin da bai yi ba, lasisin ne zai tafi.

Ranar Litinin, da jami'in ya zagaya, ya ga danshi a jikin ƙafar jirgin ta dama. Wani tiyo ne da ke kai man da ke matsa birki, yana tsattsafowa.

Na ce, "Shi ke nan? Tsattsafo?"

"Wanda ya ƙera jirgin ya rubuta iyakar ɗigon da aka yarda da shi a minti ɗaya. Na durƙusa da agogo na ƙirga. Ya wuce."

"Da an bar shi, da ya faɗi?"

"Da ƙafarsa ya sauka, babu abin da ya same shi. Wataƙila da ya koma haka, ya sake dawowa. Amma ni ba a aiko ni in yi wataƙila ba."

Na tambaye shi ko liƙewa za a yi. Ya girgiza kai. Cirewa ake yi a sa sabo, kuma sabon sai ya zo da takardar da ke nuna inda aka ƙera shi da hannun da ya bi. Ya ce akwai sassa da yawa a jikin jirgi da ake cirewa suna aiki garau, don kawai sa'o'in da aka ɗiba musu sun cika. Ba a jiran su nuna gajiya.

Na ce, "To da Hausa me zan kira wannan? In ba lafiya ba?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Wannan aikinki ne. Ni ban san lafiyar jirgi ba. Abin da na sani, akwai ma'auni. Ko ya cika, ko bai cika ba."

Kafin ya tafi na roƙe shi, idan na kawo Baba gobe, ya gaisa da shi. Ya ce gaisuwa ba ta gagara, amma kada in sa ran zai yi wa kowa alkawari a kan jirgin.

Na koma ofis ƙarfe uku na ce wa edita ina so a sake labarin a na ƙarfe biyar da wata jimlar. Na fara gwada masa "cancantar tashi".

"Cancanta?" in ji shi. "Takara jirgin zai tsaya?"

Na ce to, a ce jirgin bai cika ma'aunin da doka ta gindaya kafin a ɗauki fasinja ba, kuma jami'in gwamnati ne zai sake aunawa, ba kamfani ba.

"Wannan numfashi biyu ne, har da rabi. Kuma jiya ba ƙarya muka yi ba."

"Ba ƙarya muka yi ba, amma abin da mutane suka ji daban ne da abin da aka aiko mana."

"Mutane nawa?"

"Ɗaya na sani. Shi ya isa."

Ya ce in nemo inda zan rage daƙiƙa goma. Abokiyar aikina ta yafe mini jimla ɗaya daga labarin ƙwallo, ta ce dama an ci su ne, babu mai son ji. Na karanta sabuwar jimlar a hankali, na ja numfashi a tsakiya, abin da malaminmu na aiki zai ja mini kunne a kai.

Kafin magariba ina Runjin Sambo.

"Na ji," in ji Baba. "Kun sake mai suna."

Na zauna na ba shi labarin tiyo da ɗigo. Ya saurara bai katse ni ba. Da na zo wurin agogo ya ɗan tashi zaune.

"Da agogo yaƙ ƙirga?"

"Da agogo."

"Ke kin gani?"

"A'a. Shi ya faɗa mini."

"Tau labari na."

"Baba, labari ai shi ne sana'ata."

"Shi na nika tsoro," in ji shi, Inna ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

Ina nan zaune ƙanena ya kira daga Abuja, shi ne zai tarbe mu. Na fita zaure na gaya masa inda aka tsaya. Ya ce, "Yaya, ki ce masa wani jirgin aka kawo mana. Ina zai gane? Ko gani ba ya yi sosai." Na ce ba zan yi ba. Baba mutum ne mai tambaya. Zai tambayi mai ɗaukar kaya, zai tambayi na kusa da shi a layi, kuma idan ya gano a gindin matakala, juyawa zai yi, daga nan babu sauran maganata da zai ɗauka. Ƙanena ya ce to in san yadda zan yi, ya kashe.

Na dawo na durƙusa gaban Baba na ce, "Gobe in kai ka filin. Ka tambayi mutumin da kanka. Idan bai gamsar da kai ba mu dawo gida, ba zan ƙara ce maka komai ba."

Ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Ba ki ƙara cewa komi?"

"Ba zan ƙara ba."

"Inna, ki zama shaida. Wanga abu ban taɓa ganin shi ba."

Ba ni da wata dabara bayan wannan. Na san haka lokacin da nake faɗa.

Ranar Laraba an sa tashi ƙarfe biyu. Muka isa ƙarfe goma a motar wani maƙwabci, da jakar Baba a bayan motar, wadda ya ce a bar ta a can tukuna. Na shimfiɗa masa darduma a gindin darbejiyar nan. Zafi ya riga ya sauko, kwalta na walƙiya. Ya zauna ya miƙe ƙafa yana jan carbi. Sha ɗaya ta wuce. Na fara tunanin ko mutumin ya manta, ko ya ga ba dole ba ne.

Sha ɗaya da rabi ya fito, yana goge hannu da tsumma. Ya cire takalmi ya tsuguna a bakin dardumar.

"Ina kwana, Baba?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya aiki? Ya iyali?"

"Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi."

Baba ya karkata kai. "Bakano na?"

"Shi ne, Baba."

"Tau. Allah shi sa mu wanye lahiya."

Jami'in ya yi dariya. "Ai ni ma tun lahiyar farko na san a hannun wa nake."

Baba ya ci gaba da jero gaisuwa, ya zafi, ya baƙunta, ya mutanen Kano. Sannan, cikin wannan muryar dai, ba tare da ya canza sauti ba, ya sako ta a tsakiya kamar ita ma gaisuwa ce.

"Jirgi lahiya?"

Na gane tarkon, amma ba ni da halin yin magana. Na dubi ƙasa. Bakin kowane Bahaushe ya san amsar wannan tambaya tun kafin kai ya yi tunani.

Mutumin ya girgiza kai. Ya ce, "Ban sani ba tukuna, Baba."

Carbin ya tsaya.

"Ba ka sani ba?"

"An sa sabon tiyo da safen nan. Na ga takardarsa, injiniya ya sa hannu. Yanzu za su tayar da famfo su matsa man da ƙarfi, in tsaya in duba. In na duba zan sani."

"In ya ɗiga hwa?"

"Ku koma gida."

"Ina da asibiti gobe da sahe. Idona guda na, kuma shina tahiya."

"An gaya mini. Allah ya ba da lafiya. Amma in ya ɗiga fiye da ƙa'ida, ba zai tashi ba."

"Ko na roƙe ka?"

"Ko ka roƙe ni, Baba. Ka yi haƙuri."

Baba ya ci gaba da jan carbi. Wata mota ta wuce, mai ita na ta danna ham. Daga baya Baba ya ce, "Tashi ka tahi ga aikinka."

Jami'in ya sa takalmi ya koma ciki. Na jira. Na yi alkawarin ba zan ƙara magana ba, don haka ban yi ba.

"Wanga mutum bai da ladabi," in ji Baba. "Dattijo na gaishe ka, kana ce mai ba ka sani ba."

Ya sa carbin a aljihu.

"Ina jakata? A hiddo ta. In yac ce a hau, mu hau. In wani yac ce, ba ni hawa."

Muka shiga zauren fasinja, na zaunar da shi kusa da fanka, ni kuma na tsaya a taga. Mutum huɗu ne a ƙarƙashin fiffiken dama. Na hango rigar nan mai ƙyalli ta durƙusa a gindin taya, hannu ɗaya da tocila, ɗayan a ɗage daidai fuska. Ya daɗe a haka. Zan faɗi abin da ya zo mini a rai, tunda ya zo: na ji ina fatan ko da ya ga wani abu, ya kau da kai. Ni da na kwana biyu ina neman kalmar da za ta nuna cewa mutumin nan ba ya kau da kai. Na yi istigfari, na bar tagar, na koma na zauna kusa da Baba.

"Mi kika gani?"

"Yana durƙushe."

"Bar shi shi durƙusa."

Aka kira azahar, na raka shi ya yi salla, muka dawo. Ɗaya da minti goma aka yi sanarwa a lasifika cewa fasinjojin Abuja su matso a duba tikiti. Mutane suka miƙe rututu. Saurayin nan mai laktaya ya zo da fara'a ya ce, "Baba, a taso, komai lafiya lau." Baba bai ko motsa ba. Layi ya yi tsawo, ya fara raguwa. Na riƙe tikitinmu biyu har suka jiƙe da gumi. Saura mutum kamar goma a layin, sai ga jami'in ya ratso zauren da fayil a hammata, da alama ofis ya nufa. Ya hango mu, ya karkato, bai ko tsaya sosai ba.

"Baba, na duba. Ya cika."

"Ya cika?"

"Ya cika. Na sa hannu."

Baba ya miƙo mini hannu na tashe shi. A matakala ya ƙirga kowace taka da ƙarfi, don ba ya ganin gefenta. Na ɗaura masa bel ɗin kujera. Da jirgin ya fara gudu ya damƙe wuyan hannuna, bai saki ba sai da aka kawo ruwa.

An yi masa aikin ranar Alhamis da hantsi. Ganin tsakiyar idon ya tsira, na gefen da labulen ya riga ya rufe bai dawo ba. Likitan ya sa masa wata iska a cikin idon don ta danne tantanin, ya kuma hana shi hawa jirgi har sai ta baje da kanta, saboda haka ya zauna a gidan ƙanena kusan wata biyu. Ni na dawo bakin aiki ranar Litinin.